Tambayoyi Huɗu da Aka Hana Alƙali

Waca, 14 ga Janairu 2024

Zuwa ga ɗan'uwana Mahdi, a Yamai.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hindatu da yara. Mu nan alhamdulillahi, sai ƙafar Inna Daso da ta hana ta sallah a tsaye. Rake ya fara shigowa kasuwa, da kana nan da ka ƙarasa sauran haƙoran da suka rage maka.

Iyakar tsiyar da zan iya yi maka yau ke nan, taubashi. Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali ina da lambarka. Ɗaki ɗaya muke kwana da yarinyar, katangar gidan malamai kuwa ko tari ka yi sai maƙwabci ya ce maka sannu. Ko ni kaɗai ce a daji ma, ba na jin harshena zai ɗauki maganar nan. Hindatu ta gaya mini an kai ku horo na wata uku, ana koya wa alƙalai yadda za su bi da matan da aka yi wa fyaɗe. Lokacin da ta faɗa, addu'a kawai na yi maka, ban san ni zan fara neman wannan ilimi naka ba.

Yarinyar nan tawa ta fari ce, wadda kai da kanka ka nema wa masauki a gidan yayanka Bashiru a Magariya don ta yi karatun sakandare a lise. Ranar Laraba da yamma ta sauko daga mota, ba jaka, ba littafi. Ina lakwal ina koyar da 'yan ajina, Inna ce ta tarbe ta. Tsohuwa ta ga tafiyarta ta gane. Kafin in dawo ta dafa bagaruwa ta zaunar da ita a ciki kamar mai jego, ta wanke kayan jikinta ta shanya. Ta ce haka suka tashi suka ga ana yi, a wanke, a gasa, a rufe.

Abin da na yi ni ya fi na Inna muni. Da na shigo aka gaya mini, mari na fara kai mata. Na ce me ya kai ki, ke kika jawo wa kanki. Wallahi ban san lokacin da maganar ta fita ba. Tun rasuwar babanta nake tsoron irin wannan rana, da ta zo kuma sai na huce a kan wadda aka cuta. Ina jin kunyar kaina, Mahdi, kai kaɗai nake gaya wa wannan.

Yau kwana huɗu tana kwance, ba ta faɗi ko wane ne ba. Abu ɗaya ta roƙe ni, kada in gaya wa kowa, na kuwa rantse mata. Ga shi ina karya rantsuwar a hannunka, sai ka riƙe ta da kyau. Gidan Bashiru na aika cewa zazzaɓi ne ya maido ta.

Ka gaya mini abin yi. Ba na son wanda ya yi mata haka ya sha, ba na kuma son a ƙarasa mini ita a gaban mutane.

Yayarka, Ɗela

Yamai, 20 ga Janairu 2024

Yaya Ɗela,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau. Ki gaishe da Inna Daso, ta riƙa shafa man da likita ya ba ta, ta bar na masu talla a mota.

Takardarki a tsaye na fara karanta ta a bakin tasha, ban kai rabi ba sai da na nemi wurin zama. Allah ya isar wa Karima. Ke kunyar 'yar fari ta hana ki kama sunanta, ni kawunta ne, zan kama. Wanda ya yi mata wannan aiki, ko ɗan wane ne a Magariya, sai ya sha ɗauri. Na faɗa, ki riƙe.

Ki kai ta asibiti ranar da wannan ta same ki, a ba ki satifika, takardar shaidar likita. Ba zan ɓoye miki ba, ruwan bagaruwa ya tafi da shaida mai yawa, kwana ukun farko da ake so kuma sun wuce, amma likita zai iya ganin rauni. Daga nan ku wuce wajen jandarma. Ki nemi a saurare ta a ɗaki rufe. Kada ki matsa mata a kan suna, zai fito da kansa. Marin nan kuma ki roƙi gafararta, ba ya rage miki girma.

Bari in ba ki labarin mai koyar da mu. Tsohuwar alƙaliya ce, gajera, ba ta ɗaga murya. Ranar farko ta ajiye 'yar kujerar tsakar gida a tsakiyar zaure, ta ce wani ya zo ya zauna. Kin san ni da rawar kai, na fita. A gaban mutum talatin ta tambaye ni yaushe rabona da iyalina, da yadda aka yi, da abin da nake sanye da shi. Zufa ta karyo mini. Ta bari sai da dariya ta mutu, sannan ta ce, "Kai ke nan da ba a yi wa komai ba."

Ta rubuta mana tambayoyi huɗu a allo, ta ce duk alƙalin da ya yi su, ko ya bari aka yi a gabansa, ya zama abokin mai laifi. Me kika sa a ranar? Me ya sa ba ki yi ihu ba? Me ya sa kika yi wanka? Me ya sa kika yi shiru sai yanzu? Ta ce in aka jera su haka, kafin a kai ta huɗu yarinya ta fara zargin kanta, daga nan ba a ƙara jin bakinta. Gaskiya ta faɗa, na gani da idona a kotu. Allah ya yafe mini, ni ma na taɓa yin biyu daga ciki.

Ki gaya wa Karima ba wanda zai yi mata waɗannan tambayoyi. Zamani ya sake, Yaya, irinmu ne yanzu a kan kujera, kuma zan yi magana da abokan aikina na can.

Ƙanenki, Mahdi

Waca, 2 ga Fabrairu 2024

Ɗan'uwana Mahdi,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, Inna ta fara takawa zuwa bakin ƙofa.

Takardarka ta zo mini kamar ruwa ga mai ƙishi. Na karanta ta har na haddace, sannan na sa ta a murhu, don kada yarinyar ta gani ta san na karya rantsuwa. Mun je asibiti, an ba mu satifika, likita ya rubuta abin da ya gani. Na roƙi gafararta a kan marin, ta yi kuka, na yi.

Sannan na zaunar da ita na jera mata tambayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, kamar daga kaina suka fito. Na ce na yi mata alkawari ba mahaluƙin da zai yi mata ko guda. Ta dube ni. Ta ce su ne dama take yi wa kanta tun ranar. Kashegari da hantsi ina tsince shinkafa ta zo ta zauna kusa da ni, ta faɗi sunan.

Bashiru ne, Mahdi. Yayanka.

Matarsa ta tafi biki Sassumbrum da yara. Bayan azahar ya ce ta kai masa abinci ɗakin da yake ajiye kaya a bayan gida, ya mai da ƙofa. Sauran ba zan rubuta ba. Mutumin da take durƙusa masa tana ce masa Kawu, wanda na kai masa ita da hannuna na ce ga 'yarka.

Ban jira amsarka ba, don ka riga ka ba ni ita, ka ce ko ɗan wane ne. Ranar Litinin muka kai ƙara. Ta yi magana a gaban jandarma, har ta kai ƙarshe, ni kuwa na ji alfahari da ita irin wanda ban taɓa ji ba.

Na san abin da wannan takarda za ta yi maka. Na san shi ya rene ka bayan mahaifinku. Ban ce ka yi faɗa da ɗan'uwanka ba, ka tsaya inda ka ce za ka tsaya kawai.

Yayarka, Ɗela

Waca, 5 ga Maris 2024

Mahdi,

Ina gaisuwa. Lafiya muke, ina fatan kai ma haka, don shirun ya yi yawa. Wata guda ke nan. Na kira ka sau bakwai, wayar tana ƙara har ta katse. Maina direba ya tabbatar mini takardata ta shiga motar Yamai. Ina ta gaya wa kaina jarrabawa ce ta sha maka kai.

An tsare Bashiru kwana biyu, an sake shi kafin a gama bincike. Tun ranar ƙofarmu ba ta huta ba. Dattawan dangi sun zo sau uku da goronsu, wai in janye, wai haƙori da harshe ma sukan saɓa. Na ba su ruwa, na raka su bakin hanya. Yarinyar tana ɗaki tana jin komai, duk zuwan da suka yi sai ta tambaye ni ko na yarda, in ce mata a'a.

An sa ranar 19 ga wata za a haɗa su gaba da gaba wajen alƙalin bincike. Ta fara cin abinci, har ta ari littafin lissafi tana dubawa. Ko layi ɗaya ne ka aiko, in san ka yi magana da abokan aikinka.

Ɗela

Yamai, 12 ga Maris 2024

Barka da shan ruwa. Kowa lafiya a nan. Aiki ne ya yi yawa, a yi haƙuri. Na buga wannan da inji don hannuna ya gaji da rubutu.

Doka ta hana alƙali sa baki a shari'ar da ɗan'uwansa ke ciki, ko da kalma ɗaya. Ke malama ce, za ki fahimta. Abin da zan iya kawai shi ne shawarar da zan ba kowace uwa.

An koya mana a nan cewa sau da yawa shari'a ita ce rauni na biyu, kuma ya fi na farko daɗewa. Idan shaida ta tafi da ruwa, aka kuma yi kusan kwana ashirin ba a kai ƙara ba, abin da ya rage shi ne maganar yarinya da maganar babban mutum. Lauya ba alƙali ba ne, ba wanda ya kai shi horo, aikinsa ya ceci wanda ya ɗauke shi. Uwar da ke son 'yarta za ta yi tunanin ko yarinyar za ta iya jure wannan ɗaki. Janye ƙara ba faɗuwa ba ce, wani lokaci ita ce tausayi.

Yaya Bashiru ya zo Yamai. Mutum mai furfura ya zauna a gabana yana kuka, ya ɗauki Alƙur'ani ya rantse. Shekara shida yana goya ni a keke zuwa lakwal, rana da ruwa. Ban ce yarinyar ƙarya take ba. Na ce ban sani ba, ba na wurin, ke ma ba kya wurin.

Akwai sauran mako guda. A yi tunani. Allah ya zaɓa mafi alheri.

Waca, 21 ga Maris 2024

Mahdi,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, na san kana lafiya. Takardar injinka ta zo, ba sunana a sama, ba naka a ƙasa. Na ɗauka tsoro ne ya kama ka, har na tausaya maka. Wautata ke nan, ban gane gargaɗi kake mini ba a kan ramin da ka gama haƙawa.

Ga abin da ya faru shekaranjiya, ko da yake na san an riga an ba ka labari.

Alƙalin mutumin kirki ne. Ya rufe ƙofa, ya sa aka juya kujerarta don kada ta fuskanci Bashiru. Ta ba da labarinta tun daga kwanon abinci har zuwa tasha, ba ta tsaya ba. Na ga alƙali yana rubutu kansa a ƙasa, na ce a raina mun haye.

Sai lauyan da aka ɗauko daga Damagaram ya nemi izini, da ladabi, har da murmushi. Ya tambaye ta me ta sa a ranar. Ta amsa. Ya tambaye ta me ya sa ba ta yi ihu ba. Nan ta juyo ta dube ni. Ya ce me ya sa ta yi wanka. Alƙali ya buga tebur ya ce ya isa. Lauya ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri, a cikin haƙurin ya ce shi dai abin da ya ɗaure masa kai shi ne shirun da ta yi sai yanzu. Huɗu cif, Mahdi, a jeren da ka rubuto mini su. Malamarku ta san aikinta, kai ma ka yi karatu da kyau.

Bai tsaya nan ba. Ya buɗe jaka ya fiddo kwafin takarda. Tun daga nesa na gane rubutuna. An rufe saman inda gaisuwa take, da duk inda sunanka ya fito. Ya karanta bagaruwa, ya karanta marin, ya karanta "ke kika jawo wa kanki" a hankali, sau biyu. Ya ce ga uwar da ta haife ta, wadda ta fi kowa sanin halinta. Alƙali ya tambaye ni ko hannuna ne. Da azumi a bakina, na ce nawa ne. Na buɗe baki zan faɗi wanda na aika wa, sai yarinyar ta miƙe tsaye.

Ta ce, "Ba abin da ya faru. A bar ni in tafi gida."

Alƙali ya fid da kowa, ya zauna da ita ita kaɗai kusan awa guda. Abin da ta faɗa ɗin shi ta yi ta maimaitawa. Bashiru ya wuce ni a bakin ƙofa yana gyara hula.

Muna cikin mota, mun kusa gida. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Yaushe kika ba su?" Tana nufin dattawan, a zatonta ni na ba su tambayoyin da takardar. Tambayoyin nan a bakina kaɗai ta taɓa jin su, takarda kuma hannuna ce. Na gaya mata gaskiya duka, na ce kawunta Mahdi na rubuta wa, shi ya ba ni tambayoyin, shi ya ba su. Ta ce, "Ai kin rantse ba za ki gaya wa kowa ba." Na ce na yi ƙarya a wannan. Ta ce to. Na nemi takardarka ta farko in nuna mata, sai na tuna toka ce. Na ba ta ta injin, ta juya gaba ta juya baya tana neman suna, ta miƙo mini.

Ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakin Inna. Ta mai da littafin lissafi ga mai shi. In ta gaishe ni da safe, Madam take ce mini, kamar 'yan ajina.

Na tsane ka, Mahdi, ban taɓa tsanar ɗan Adam haka ba, kuma ga ni ina roƙonka. Shari'a ta mutu, na binne ta. Bashiru naka ne, ka riƙe abinka, na bar shi da Allah. Layi biyu kawai nake so da rubutun hannunka, wanda ta sani tun tana ƙarama a kan littattafan da kake aiko mata. Ka rubuta cewa kai ka ba lauya takardar, ba uwarta ba. Ba zan nuna wa alƙali ba, ba zan nuna wa kowa ba, a gabanka ma in kana so ta karanta a ƙone. Ita kaɗai gare ni.

Ɗela

Yamai, 15 ga Afrilu 2024

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Hindatu da yara suna gaisuwa. A duba jikin Inna Daso.

Na ga saƙo, na kuma gane ɓacin rai ne. Amma akwai kuskure da ya kamata a gyara. Ban tuna na taɓa samun wata takarda a watan Janairu a kan wannan magana ba, ban kuma tuna na amsa ba. Takarda tana bin hannuwa da yawa daga Waca zuwa Yamai, ba a san inda take tsayawa ba. Abin da ban yi ba, ba zan iya rubuta cewa na yi ba. Ina ba da shawara a daina faɗin irin wannan a kan alƙali, don doka ba ta wasa da shi.

Yara suna da saurin mantuwa. In an ba ta lokaci za ta sauko.

Mun gama horo, alhamdulillahi. An zaɓe ni cikin mutum huɗu da za su zagaya su koyar da sauran alƙalai, jihar Damagaram ce ta faɗo mini, zan fara ta wajen Dungas. In hanya ta ba da dama zan leƙo.

Yaya Bashiru zai aurar da 'yarsa Salma bayan babbar Sallah. Ya ce ya yafe komai, zumunci ya fi ƙarfin wannan. Ya ce in gaya miki ana sa ran ganinki tun ranar lalle, ku zo tare da yarinyar, don kada mutane su ce wani abu.